Ranar da Ya Rubuta Sunana Daidai

"Mama, in mutum ɓarawo ne, alewar da ya ba ka ita ma ta sata ce?"

Ludayin kokon da na ɗauko ya tsaya a hanya, bai kai bakina ba. Muhsina ce, ɗiyata mai shekara biyar, zaune kan tabarma ta miƙe ƙafafu, ta rungume gwangwanin alewar madara da aka kawo mata tsaraba daga Maraɗi. Ba wasa take ba. Ta ɗaure fuska tana jiran fatawa.

"Wa ya ce miki wani ɓarawo ne?"

"Kawu Bawa. Ya ce Tonton Inusa ya sace wayar Inna ta cikin iska." Ta girgiza gwangwanin. "In ta sata ce sai in ba kaji. Amma saura kaɗan, kuma masu daɗin ne suka rage."

Inna tana bakin murhu tana juya dubulan a mai, ko waigowa ba ta yi ba. "Ke, sha kokonki. Safiyar Lahadi kin tashe mu da shari'a."

Na ce wa yarinyar ta ajiye alewar tukuna. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Ban ce mata ba ɓarawo ba ne, alhali duk gidan nan ni kaɗai na san haka.

'Yan uwana masu karanta ni, yau ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Ku bari in koma baya kaɗan, don wadda ta shigo yanzu ta san inda muke.

Sunana Luba. A Jibiya aka haife ni, a nan na yi aure, a nan Allah ya karɓi baban Muhsina tana goye, na dawo ɗakin mahaifiyata. Inna Delu ke nan. In kin taɓa zuwa biki tsakanin Kusa da Mazanya, da wuya ba ki ci alkakinta ba. Garar amare take yi: alkaki, nakiya, dubulan, cincin. Tun ina rarrafe take wannan sana'a, ba wanda ya taɓa dawo mata da kaya. Abin da ni na ƙara mata waya ce. Na sayi layi daban na shago, na buɗe WhatsApp ɗin kasuwanci, na tara masu saye a guruf ɗaya na sa masa suna Garar Inna Delu. Ni ke ɗaukar hoto, ni ke ciniki, ni ke kai bokitai tasha. Kafin a jima muna aikawa Katsina, Kano, har Kaduna. Inna ba ta yi boko ba, amma da ta ji wayar ta yi ƙara sai ta ce, "Luba, duba shagonki, ana sallama."

Inusa kuwa direba ne, ɗan Maraɗi. Babbar mota yake ja, su kamiyo suke ce mata, yana shigo da albasa da dabino ta bodar Magama. Shi ke kawo mana cuku, wanda muke haɗawa a garar masu hali. Da farko a zaure yake ajiye jaka ya juya. Sannu a hankali ya fara tsayawa yana tambayar farashin alkaki kamar mai shirin aurar da 'ya. Dogo ne, baƙi, kullum da farin rawani rataye a wuya, in zai yi dariya sai ya rufe baki da gefensa. Shi ya koya wa Muhsina ta ce masa Tonton, wai haka yaran can ke kiran baffa.

Yayana Bawa shi ne uba a gidanmu tun rasuwar Baba. Hatsi yake sayarwa a kasuwa. Tun da na fita takaba waƙarsa ɗaya ce: "Ki hito da miji, Luba, zaman nan ya isa." Ranar da na ɗan ɓula masa zancen Inusa, sai waƙar ta canza.

"Direba? Na ƙetare? Yau shina Ɗan Isa, gobe shina Agadas. Kin manta lokacin da aka ruhe boda? In ya tahi da ke da yarinyar nan aka sake ruhewa, ta ina za mu gan ku, ta hoto?"

Ban ce ba shi da gaskiya ba. Amma ban daina amsa saƙon Inusa ba.

To ga inda zancen yake. A baki Hausarmu ɗaya da ta Inusa, mu da mutanen Maraɗi ba mu buƙatar tafinta. A rubutu muke rabuwa. Shi makarantar Faransanci ya yi, aji kaɗan, don haka da haruffan can yake rubuta Hausa. Kowace safiya, ta layina na kaina, sai in ga:

"Ina kouana Louba. Kin tachi lahia? Ina tchikin hagna. A gaida Mouhsina."

Ranar farko sai da na karanta da ƙarfi kafin na gane cewa "ina cikin hanya" yake nufi. Na yi dariya har Inna ta leƙo.

Na rubuta masa: "Malam, wannan Hausa ce ko sunan magani?"

"Haoussa tché tsantsa."

"Sunana haruffa huɗu ne. Ina ka samo na biyar?"

"Gouda na kara miki. Cadeau."

Wai kyauta ce ya ƙara min. Haka muke, kullum ina gyara masa, kullum yana maimaitawa. Wata rana da ya dame ni da zancen turo manyansa, na ce masa cikin wasa: "Ranar da ka rubuta sunana daidai, ranar zan ce ka turo." Ya aiko da hoton dariya. Ni ma na yi dariya, amma maganar ta zauna min a rai. Kowace safiya sunana nake fara dubawa.

Ranar Alhamis da hantsi ina tsakar gida, na ɗaura tsohon zanen atamfa a kan rigar aiki, hannuna dumu-dumu cikin kwaɓin alkaki, wayar ta yi ƙara a kan turmi. Na dangwala da bayan ɗan yatsa. Lambar Inusa ce, hotonsa ne jingine da motarsa.

"Slm Luba ykk, ya aiki"

Luba. Babu harafi na biyar.

Na wanke hannu ban gama ba, na shige ɗaki na zauna bakin gado ina kallon kalmar nan kamar an aiko min da akwatin lefe. Na leƙa madubi na gyara ɗankwali, kamar yana ganina.

"Wa ya koya maka?"

"Saboda ke na koya"

"To ka tuna alkawari?"

Aka ɗan jima kafin amsa ta zo. A lokacin na ɗauka kunya ce.

"Na tuna sosai my dear. Amma akwai albishir. Wata Hajiya a Maradi zata aurar da yara biyu, tana son gara mai yawa. Na sa layin shago a group dinsu. Za a turo miki lamba shida ta text, ki turo min yanzu kafin ta ba wata"

Ko minti ba a yi ba saƙon ya shigo layin shago. Lambobi shida, a ƙasa an rubuta da Turanci kada a ba kowa. Na karanta. Na yi sakandare, na san abin da aka ce. Abin da ya fi ci min rai, ni da hannuna na tura wa matan guruf ɗinmu gargaɗi a kan irin wannan lamba watan da ya wuce, har ina ƙarawa da "a kula 'yan uwa". An kuma ce a sa wa WhatsApp lambar sirri ta biyu, na ce sai na samu lokaci.

Zuciyata ta ce, ki kira shi ki ji muryarsa. Wata zuciyar ta ce, haba Luba, mutum ya zauna ya koyi rubutunku saboda ke, a ranar kuma ki nuna masa ba ki yarda da shi ba?

Na tura.

"Ngd"

Na koma bakin kwaɓi ina 'yar waƙa. Inna ta ce, "Yau kuma mi aka samu?" Na ce ba komai.

Bayan azahar na ɗauki waya in saka hoton nakiyar da muka gama. WhatsApp ɗin shago ya tarbe ni kamar baƙuwa, wai in shigar da lambata. Na shigar. Ya ce an nemi lamba da yawa, in jira sai bayan awanni. Na kira Inusa, a kashe. Na sake kira, a kashe. Ina tsaye da wayar a hannu kira ya shigo, Hajiya Bilki ce daga Katsina, tsohuwar mai sayenmu.

"Luba, ashe kun canza akawun? Na ga sanarwa a guruf, da rangwamen da Inna ta yi. Na tura na bokiti uku, ki duba."

"Hajiya, wace sanarwa?"

Nan take ta gane. Ta ce, "Innalillahi."

Da sunan Inna suka yi. Suka rubuta a guruf wai tsohon asusunmu ya samu matsala, ga sabo, kuma duk wadda ta biya a ranar an sauke mata farashi albarkacin jajibirin Juma'a. Duk wadda ta yi magana su amsa mata da "ranki ya daɗe". Na zauna ina kiran mata ɗaya bayan ɗaya da layina, waɗanda nake da lambarsu. Wasu na riske su. Wasu sun riga sun tura.

Da la'asar na koma ɗaki na sake buɗe hirar nan, wannan karon da idon da ya kamata in buɗe ta da shi tun farko. "Ykk." "Ngd." "My dear." Mutumin da bai taɓa rubuta "ciki" ba sai ya jera t da c da h, shi ne zai kwana ɗaya ya tashi da gajarce kalmomi irin na samarin nan namu? Inusa ko "yes" ba ya cewa. Shirun da aka yi da na ambaci alkawari, ba kunya ba ce. Wani ne yake jan hirarmu sama yana neman wane alkawari. Wayar Inusa tana hannun wani, ɗan wajenmu, kuma ya karanta duk abin da muka taɓa faɗa wa juna.

Tun a lokacin na sani. Ku riƙe wannan.

Yaya Bawa ya shigo kafin magariba, ko babur bai gama kafewa ba.

"Wa ke taɓa wayar nan bayan ke?"

"Ba kowa."

Inna, da zuciya ɗaya, ta ce, "Sai dai yaron nan Inusa, shi kan karɓa ya duba hoton cuku in ya zo."

Yaya ya juyo a hankali. Ya ciro wayarsa ya kira lambar Inusa, ya sa a fili kowa ya ji: a kashe. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Shi ke nan. Ya gama abin da ya kawo shi. Wata nawa shina zarya da alewa?" Sannan ya dube ni ido cikin ido. "Luba, ki hwaɗa min gaskiya. Ke kin ba wani wata lamba?"

Wayar tana cikin hannuna, ta yi zafi. Da na miƙa masa, da magana ta ƙare. Amma in na miƙa, zai ga ni na tura lambar da yatsana. Zai ja sama ya ga na yi wa namiji alkawarin aure ban sanar da gida ba. Inna za ta ji cewa sunan da ta gina a bakin wuta tun kafin a haife ni, 'yarta ce ta miƙa shi saboda an rubuta mata "Luba".

"A'a," na ce.

Na gaya wa kaina Inusa yana can hanyar arewa, ba zai ji ba. Kafin ya dawo ƙura ta lafa, sai in gyara a hankali.

Ranar Juma'a WhatsApp ɗin shago ya dawo hannunmu. Yaya ya tsaya a kaina sai da na sa lambar sirrin nan da na yi ta ɗagawa, abin da bai kai tsawon tafasar shayi ba. Inna ta ce a ba ta wayar ta yi wa matan guruf magana da bakinta. Ta riƙe ta da hannu biyu kamar kwanon sha ta ce: "Ni ce Delu. Ba ni na nemi kuɗinku ba, amma da sunana aka nema. Duk wadda ta tura, ta zo ko ta kira." Muryarta ba ta yi rawa ba.

Da rana sai ga Goggo Fatimatu daga Riko, ɗaya daga cikin masu sayenmu, a bayan babur, mayafinta duk jar ƙasa. Auren autarta saura mako. Tunkiyarta ta sayar, ɗanta ya kai wa mai POS ya tura wa ɓarayin, don an ce rangwamen na ranar ne kawai. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Delu, in kai yarinyar nan gidan miji hannu sake? Dangin mijin sun san wajenki na yi oda, har sun hwara murna."

Inna ta miƙa mata ruwa. "Za ki samu gararki ranar da muka yi. Ba abin da zai ragu."

"Da wane kuɗin?"

"Wannan ba naki ba ne."

Tun daga ranar Inna ba ta bar bakin murhu ba sai salla. Mai ya fallatsar mata a bayan hannu, ya tashi, ta shafa man shanu ta ci gaba. Ni ina gefenta ina murza dubulan, ina jin maƙwabta suna shigowa jaje. Kowacce da nata ƙarin. "Ai dama mutanen ƙetare." "Ni tun ranar da na ga rawanin nan ban yarda da shi ba." Akwai wata maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi da ke aure a layinmu, ta shigo ta ji wannan, ta gaida Inna ta fita ba ta zauna ba. Na ga fitarta. Ban ɗaga kai ba.

Wannan ya kawo mu safiyar Lahadi, da Muhsina da gwangwaninta.

Ba ta gama kokon ba Yaya Bawa ya leƙo daga zaure, waya a kunne, yana cewa, "Ka tabbata ita ce? Mai shuɗin kai? To ku tsaya nan." Ya sauke wayar. "An ga motarshi a layin Ɗan Isa. Yanzu zai shigo. Ka ji ƙarhin hali, har ya dawo."

Inna ta miƙe da matsami a hannu. "Bawa, ka kai shi ga hukuma. Kar ka yi ihu. Yau kasuwa."

"Ihu ɗaya zan yi, Inna. Sauran ba ruwana."

Ya fita. Na ji tashin babur.

Duk wanda ya tashi a garin kasuwa ya san abin da kalmar "ɓarawo" ke yi a cikin taro. Ba a tambayar me ya sata. Na dubi Inna, na dubi hannunta da ya kumbura, na dubi ɗiyata. Ƙafafuna suka ɗauke ni da kansu. Na zari hijabi a kan igiya, sai a hanya na lura a bai-bai na sa shi.

"Ina za ki?"

"Inna, ki riƙe min Muhsina."

Na tare ɗan acaɓa na ce Magama, ka yi sauri don Allah. Hanya cike da motocin kasuwa, da amalanke, da masu kora awaki. Ina bayansa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wayar a damƙe cikin hijabi.

Na hango motar tun daga nesa, a gefen da manyan motoci ke tsayawa bayan shingen kwastan. Inusa ya riga ya sauko. Yana riƙe da jakar cuku, yana murmushi, ya miƙa wa Yaya Bawa hannu. Yaya bai karɓa ba. Abokansa biyu sun tsaya ta bayan Inusa. Masu dako da masu canjin sefa sun fara matsowa, irin matsowar da ake yi in an ji ƙanshin rigima.

"Ina wayarka?" Yaya ke tambaya.

"Wallahi babban yaya an ɗauke ta. Nan wurin, ran Alhamis da sahe, ina alwala na aje ta bisa taya. Ban riƙe nimeron wayar kowa a kai ba, shi ya sa..."

"An ɗauke ta. Ka ji shi. Jama'a, ku..."

"Yaya!"

Ban san ina da murya irin wannan ba. Kowa ya juyo. Mace da hijabi a bai-bai, takalmi ɗaya ya tsinke, tana kutsawa tsakanin maza.

"Ni ce. Ni na ba da lambar. Ba shi ba ne."

"Koma gida, Luba."

"Ka duba." Na tura masa wayar a ƙirji. "Ka ja sama ka ga rubutunshi. Ka sauko ka ga na ranar Alhamis. Ka karanta duka, na yarda."

Ya karanta. Ina kallon fuskarsa tana canzawa, daga fushi zuwa wani abu da ya fi fushi ciwo. Wani dattijon direba ɗan can, mai furfura a gemu, ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Yaron nan gabana ya yi ta neman salularshi, har ƙarƙashin kamiyo ya shiga." Ya ƙura wa wayar ido. "Wanga na ƙasa kuwa ba rubutunmu ba ne. Mi ne ne y-k-k?"

Wani daga cikin abokan Yaya ya ce, "Ai shina iya canza hannu don ya ɓad da sawu."

Yaya ya ciro tasa wayar ya miƙa wa Inusa. "Rubuta min: ina kwana, ina cikin Jibiya."

Inusa ya dube shi, ya dube ni, bai gane komai ba tukuna. Ya sa babban yatsa yana dannawa a hankali, harshe a gefen baki. Ya miƙa. Yaya ya karanta, mai canjin da ke kusa ya leƙa ya fashe da dariya.

"Djibia! Da D! Kai, wannan ko shekara aka ba shi ba ya iya satar kowa a rubuce."

Dariya ta zaga. Taron da ya matso don duka ya watse yana maimaita "Djibia". Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Yaya da Inusa. Dattijon ne ya ja Inusa gefe ya faɗa masa abin da ake cewa a gari. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya dawo ya tsaya gabana, bai matso sosai ba.

"Da salulata aka cuci Inna?"

"E."

"Laihina ne, ban sa mata makulli ba. Amma ke, yaushe kika gane ba ni ba ne?"

Da na ce yau, da ya yarda. Na gaji da ƙarya.

"Ranar Alhamis da la'asar."

"Alhamis." Ya gyara rawaninsa, ba don dariya ba wannan karon. "Yau Lahadi, Luba. Da kin makara da kaɗan hwa?"

Bai jira amsa ba. Ya ɗauki jakar cukun ya ajiye a gaban Yaya Bawa.

"Na Inna ne. A ce mata ina yi mata jaje. Ba sai an biya ba."

Yaya ya buɗe baki, ina jin haƙuri zai ba shi, amma Inusa ya riga ya kama ƙofar mota ya hau. Ko da ya tayar, bai dubi inda nake ba.

A bayan babur ɗin Yaya na dawo, jakar cuku a cinyata. Sai a ƙofar gida, bai juyo ba, ya ce, "Saura kaɗan ki sa in ɗauki ran mutum."

Na faɗa wa Inna komai a bakin murhu, a durƙushe. Ta saurara tana kwashe dubulan daga mai, ɗaya bayan ɗaya, har na gama. Na so ta zage ni. Ba ta zage ni ba.

"Kuɗi dai an ci, za mu soya mu biya," ta ce. "Sunan ɗan mutane hwa, da mi za ki soya shi?"

Ta sa ni na ɗauki wayar shago, a guruf ɗin da aka cuci mutane, na yi magana da muryata: ni Luba na ba da lambar, Inusa ba shi da hannu. Ta aike ni gidan maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi na maimaita a tsaye. Sannan ta ce da zarar garar Goggo Fatimatu ta fita, za ta sa mayafinta mu ƙetara Maraɗi ni da ita, gidan mahaifiyarsa, in faɗa a gabanta da bakina. Yaya ya ce shi zai kai mu. Ba zancen aure za mu je ba, Inna ta ja min kunne, haƙuri za mu je bayarwa. Inusa ba shi da waya yanzu. Ban san ko ya gaya wa mahaifiyarsa ba. Ban san ko za a ce mu shigo ba.

Ke da kike karanta wannan da wayar da kike ciniki da ita, ajiye labarina ki shiga saitin WhatsApp ɗinki yanzu, ki sa lambar sirri ta biyu, ki sa wa wayar kanta makulli. Ki gaya wa masu sayenki tun yau cewa in sun ga sabon akawun da sunanki, kada su tura sai sun kira sun ji muryarki. Lambar nan shida da ke shigowa ta saƙo, kada ki ba kowa: ko mijinki, ko mahaifiyarki, ko wanda kike so, don ba ki san hannun da wayarsu take ba. In abin ya riga ya faru, ki faɗa a ranar, da bakinki, kafin a nemo wanda za a ɗora wa.